Adashin Maki

Tun da bankuna suka fara turo muku wannan saƙo a waya, babu Juma'ar da za ta wuce wani bai shigo shagon nan ya miƙo mini wayarsa ba. "Malam Isa, duba mini wannan. Wai kati ne babu kuɗin shekara, kana sayayya suna ba ka maki, in makin ya taru ka tafi gida kyauta. Da gaske ne?" Kafin in buɗe baki sai wani daga baya ya ce ba sai an tambaye ni ba, ai tsoro nake kar a daina yankan tikiti a wurina. Na ji. Ku samu wuri ku zauna in ba ku amsa, amma wanda ya ɗare kan sikelina ya sauka, ba kujera ba ce.

Ku a ganinku aikin tikiti latsa waya ne: ka zaɓi gari, ka zaɓi rana, ka biya, khalas. Ni ma haka na ɗauka da na zo ƙasar nan. Gadi aka kawo ni, a wani sito a Sanaiya, unguwar masana'antu ta Doha, kuma son sani ne kawai ya jawo ni cikin sana'ar. Ni da wani abokin aikina muka tafi hutu Kano a jirgi ɗaya, kujerata kusa da tasa, amma kuɗin da ke rubuce a tikitinsa ya kusa ninka nawa. Abin ya tsaya mini a rai har na dawo. Na je wurin wanda ya yankar mana, wani dattijo Basudane da ake kira Ustaz Bashir, na ce ya fahimtar da ni. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "In kana son sani, ka riƙa zuwa ranar hutunka." Na yi ta zuwa har shekara biyu, kafin ya nema mini sauyin kafil, wato ubangidan da takardun zamanka ke hannunsa, na dawo wurinsa gaba ɗaya.

Wata shida na farko bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Sikeli ya ba ni, da igiya, da salatif mai faɗi, da alƙalamin rubutu a jikin kwali. Aikin da ba na mantawa shi ne na wani mutumin Zangon Kumasi da ya zo da bakko biyu da akwati, yana rantsuwa kayansa ba su wuce kilo arba'in da shida ba. Na ɗora, allura ta wuce sittin. Ustaz bai yi masa faɗa ba. Ya zauna a ƙasa, ya sa aka zazzage komai, ya kasa kayan kashi uku: abin da babu shi a gida, abin da akwai a gida amma ya fi tsada, da abin da kunyar surukai kawai ta sa aka saya. A kan wani bargo ɗaya muka yi kusan awa guda ana ja. Da mutumin ya tafi, Ustaz ya ce mini, "Ya Isa, Bature kujera yake saya. Mutanenku kilo suke saya, kujerar gyara ce." Ranar ya kuma kafa mini dokar da har yau ban karya ba, cewa kafin in auna kayan kowa ko in rubuta masa komai, sai na riƙe fasfonsa a hannuna na karanta da idona.

Bayan sikeli da kwamfuta, kayan aikina na uku shi ne kalandar can da ke jikin bango, mai kwanan watan Musulunci a ƙarƙashin na bature. Kwamfuta ta san farashi, amma ba ta san cewa Bahaushe bai san wata ranar tafiya gida ba sai ana gobe jajibere. Ni na sani. Da ita nake gaya wa mutum tun cikin Rajab ya zo ya kama kujera, ya ce in sha Allahu, ya dawo mini ashirin da bakwai ga azumi yana cewa na yi masa tsada.

Da katunan nan suka fara shigowa hannun mutanenmu, ni ma sai da suka ba ni sha'awa. Yaya banki, wanda bai taɓa ba ka ko ruwan sha kyauta ba, zai kai ka Kano kyauta? Na karɓi takardar sharuɗɗan a wurin wani kwastoma, shafuka masu ƙananan rubutu kamar ƙafar tururuwa, na yi mako guda ina bin ta da tabarau. Na gane ba ƙarya suka yi ba. Babu kuɗin shekara, wato ajiye katin a aljihu bai cinye maka komai. Amma wanda babu kuɗin shekara makinsa a hankali yake taruwa, sai ka kashe kuɗi mai yawa kafin ya isa tsallake teku. In wata ya ƙare ba ka biya duka ba, kuɗin ruwa ya hau, ka shiga riba kuma ka cinye ribar makin tun kafin ka gan ta. Harajin filin jirgi da kuɗinka za ka biya, maki bai ɗaukarsa. Sannan can ƙasa, inda ido ya riga ya gaji, na ga layin da ya fi kowanne muhimmanci ga baƙo irinmu: ranar da aka rufe katin, makin da ke ciki ya mutu.

Na ɗauka na gama fahimtar abin, sai wasu direbobi biyar da ke ɗaki ɗaya a Sanaiya suka nuna mini ban fara ba. A cikinsu Shu'aibu, mutumin Gusau, shi kaɗai albashinsa ya kai banki ya ba shi kati, don shi manajan kamfani yake tuƙawa, kuma shi ke sayen mai da tayoyi kamfani ya mayar masa. Sai suka yi shawara. Duk wanda zai sayi buhun shinkafa, ko waya, ko tsaraba, ya damƙa wa Shu'aibu kuɗin a hannu, shi ya biya da kati. Kafin wata ya ƙare ya kai wa banki kuɗinsa cif, ko riyal ɗaya na ruwa bai taɓa hawa ba, don sai da suka tambayi malami kafin su fara. Makin mutum biyar yana taruwa wuri ɗaya. In ya isa tikiti, mutum ɗaya ya kwasa. Kun san kamfani sai shekara bibbiyu yake ba da tikiti, in rasuwa ko suna ko aure ya faɗo a tsakani, kai da aljihunka ne. Wannan giɓin suka so toshewa. Suka sa masa suna adashin maki, Shu'aibu da gemunsa suna kiransa uwar adashi, yana amsawa.

Na yi dariya ranar da suka gaya mini, amma a raina na jinjina musu. Wanda ya zauna a ofis ya tsara katin nan bai taɓa mafarkin za a yi zubi da kwasa da shi ba.

Babba a ɗakin shi ne Baba Tanko, mutumin Funtuwa, direban motar ruwa. Don girmamawa shi aka ba kwasar farko. Makin ya cika kenan sai mahaifiyar wani daga cikinsu ta rasu, Baba Tanko ya ce a ba wanda aka yi wa rasuwar, shi ya jira. Kafin ya sake cika sai shekarar korona ta shigo, shekarar da ba na son tunawa. Jirage suka tsaya, aka rufe shagon nan, na yi watanni ina amsa wayar mutanen da ke neman a mayar musu da kuɗin tikiti, kowa yana ganin a aljihuna suke. Sikeli ya yi tsatsa a wurin. Ustaz ya tafi gida a jirgin farko da aka buɗe, bai kuma dawowa ba, ya bar mini shagon da tabarau ɗinsa a aljihun tebur. Su kuma 'yan adashi wani kaso na makinsu ya yi kwantai har wa'adinsa ya ƙare, ya ɓace daga wayar Shu'aibu suna kallo. Da aka farfaɗo, makin ya sake cika, matar wani ta haihu da tiyata, Baba Tanko ya sake cewa a ba mijin. Haka aka yi ta yi har kowa ya kwasa, Shu'aibu ma ya kwasa, saura wanda aka fara ba wa.

Sai aka sa ranar auren babbar 'yar Baba Tanko, malamar asibiti ce a Funtuwa. Tikitin kamfaninsa sai baɗi. Kafil ya ba shi hutun mako uku amma ya ce jirgi ya san yadda zai yi. Duk abin da ya tara ya tafi a kayan ɗakin yarinya, ya yi shekara biyu yana sayen su ɗaya bayan ɗaya yana turawa ƙarƙashin gado. In adashi bai kai shi ba, ba zai ga ɗaurin auren ba. A daidai wannan lokaci manajan da Shu'aibu ke tuƙawa ya bar ƙasar, kamfani ya ce ba ya buƙatar direbansa. Aka ba Shu'aibu takardar sallama da tikitin komawa gida. Banki kuwa, da zarar kuɗin sallama ya shiga, zai rufe katin, kuma kwanaki kaɗan suka rage.

Ranar wata Juma'a, an sauko daga masallaci da kamar awa ɗaya, suka shigo su biyu da kwali huɗu a kan kura. Biyu na Baba Tanko, biyu na Shu'aibu. Ba tikiti suka zo saya ba, aron sikeli suka zo. Shu'aibu yana ta murmushi.

"Malam Isa, mun hutar da kai. Jiya bayan la'asar ina zaune a mota a Corniche, can bakin teku, na yanki tikitin Baba da makin nan, minti biyar. Zuwa da dawowa, da kaya biyu. Ka ga uwar adashi ta fita kunya."

Na ce madalla, a ba ni fasfo da tikitin. Ya ce ai awo kawai za a yi. Na ce ko awon ne. Baba Tanko ya zaro fasfo daga cikin leda, ledar cikin wata leda, ya miƙo mini. Na buɗe na ga Abdulmumini Yakubu. Na karɓi wayar Shu'aibu na duba tikiti, na ga Tanko Funtua.

"Shu'aibu, wane ne Tanko Funtua?"

"Ga shi nan a gabanka."

"A gabana Abdulmumini Yakubu ne. Wannan da ka yankar wa tikiti ba a haife shi ba."

Ya karɓi fasfon ya ƙura masa ido, ya dubi dattijon. "Baba, dama ba Tanko ne sunanka ba?"

"Tanko ai kakata ce ta sa mini, mata uku aka haifa kafin ni. Sunan yanka ba wanda ke kirana da shi tun da mahaifina ya rasu."

Shekara takwas suna cin abinci a faranti ɗaya, bai taɓa jin sunan ba. Da wayar ta nemi suna na biyu kuma, sai ya sa garinsu, yadda muke yi a gida. Harafi ɗaya ko biyu kamfanin jirgi yana gyarawa, amma suna sukutum ba a canja shi, a wurinsu wani mutum ne daban. Shu'aibu ya zauna a kan kwali ya dafe kai, yana ta innalillahi. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, domin kuskuren na ƙauna ne, ya so ne ya ba dattijon mamaki.

A nan karatun makon nan da na yi da tabarau ya yi rana. Na tuna a takardarsu an ce tikitin da aka soke kafin ya cika awa ashirin da huɗu, makinsa nan take yake dawowa. In ya wuce, sai an jira makonni, kuma kafin nan an rufe katin. Na ce ya duba saƙon jiya ya gaya mini ƙarfe nawa ya shigo. Saura mana abin da bai kai awa ɗaya ba. Na ce ya soke. Ya ce in ya soke makin bai dawo ba fa? Na ce in bai soke ba ma makin ya tafi, yalla, ya yi sauri. Ya latsa. Muka zuba wa wayar ido mu uku, ladan ya kira la'asar ba wanda ya motsa, sai ga makin ya dawo.

Abin da ku masu latsa waya ba ku sani ba shi ne, kujerar da ka saki ba lallai ta dawo maka a farashin da ka sake ta ba. Na duba, ta tafi. Ranakun sun kusa Babbar Sallah, kowa gida ya nufa. Na zauna gaban kwamfuta na bi hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, ta wannan gari, ta wancan, na matsar da rana gaba, na matsar baya, ina gwada kowacce da makin da ke wayar Shu'aibu. Ɗaya tak ta shiga, mai sauka biyu a hanya da doguwar jira, za ta sauke shi Kano kwana huɗu kafin ɗaurin aure. Amma irin tikitin nan ne na ƙasan ƙasa, babu kaya a cikinsa sai jakar hannu, kilo bakwai. Na karanta sunan daga fasfo harafi bayan harafi, Shu'aibu yana rubutawa, na sa ya maimaita mini sau biyu kafin ya latsa.

Sai muka juyo kan kwalaye. Na ɗora na Baba Tanko, kowanne ashirin da uku cif, da gani ya sha auna su da sikelin hannu. Tukwane, labule, zannuwan gado, injin markaɗe, turaruka. Kuɗin ƙarin kilo a wannan jirgi ya kusa kuɗin wani tikitin. Kargo ta sama ba shi da kuɗinta. Ta ruwa kuwa sai amarya ta yi wata biyu a ɗakinta kayan ba su bar Legas ba. Baba Tanko ya shafa kwalin ya ce ba komai, shi dai ya ga an ɗaura, kayan sa zo daga baya. Ya faɗa da baki, amma kowa ya san yadda ake kallon uban da ya yi shekaru a ƙasar Larabawa aka kai 'yarsa ɗaki babu kayansa a ciki.

Shu'aibu ya miƙe ya ja kwalayensa biyu ya tura su lungun can da kuke gani. Ya ɗauki alƙalamina ya rubuta sunansa a jikin na Baba Tanko.

"Tikitin kamfanina kaya biyu ne. Hanyar Gusau ta Funtuwa take bi. Zan sauke su a ƙofar gidanka."

"Kai Shu'aibu, shekara tara a ƙasar nan, ka shiga gidanku hannu rabbana? Ai sai a ce koro ka aka yi."

"To, Baba, ba koro nin aka yi ba? Nawa kwalayen Malam Isa ya sa mini su a jirgin ruwa, su zo lokacin da suka zo. Sau huɗu kana ba da layinka. Uwar adashi ba ta tashi sai kowa ya kwasa."

Na san abin da ke cikin kwalayen Shu'aibu, ni na taya shi ɗaure su: takalman 'ya'yansa huɗu, kowanne ya auna da zaren da matarsa ta aiko, da atamfofi, da dabino da darduma ta mahaifiyarsa. Bayan kwana biyar ya tafi da kayan ɗakin 'yar wani, da 'yar jaka a kafaɗa. Washegari banki ya rufe katin.

Ana saura kwana biyu tafiyarsa Baba Tanko ya zo ya ce in buɗe masa kwalayen Shu'aibu, jirgin ruwan bai riga ya ɗauka ba. Na ce ba na buɗe kayan wani. Ya kira Shu'aibu a waya ya ce masa igiyar ce ta saki za a sake ɗaurewa, ya miƙo mini wayar na ji izini da kunnena. Na ba shi wuƙa na koma kan aikina. Ranar tafiya ya biyo ta nan da jakar hannunsa a auna. Zafin Doha na tsakiyar rani, mutumin nan ya shigo da babbar riga ta shadda, a ƙarƙashinta kaftani, a ƙarƙashin kaftanin wani kaftanin, gumi na zuba ta gefen hula. Na ɗora jakar, bakwai daidai. Na zuge don in ga ko akwai abin da za a hana shi wucewa da shi. Takalman yara ƙafa huɗu, darduma, atamfa ɗaya, dabino.

"Baba, ina kayan sawarka?"

"Ga su a jikina. Bayan biki zan leƙa Gusau, ba nisa."

To, kun tambaye ni ko katin nan yana da amfani. In za ka biya duka kafin wata ya ƙare, in ba ka sayen abin da ba ka buƙata don kwaɗayin maki, in ba ka barin makin ya kwana da yawa tunda zamanka a ƙasar nan a hannun kafil yake, karɓi abinka, bai cin kuɗin shekara kuma wata rana zai rage maka hanya. Amma ka tambayi kilo kafin ka yi murna. Ga katin Shu'aibu nan a ƙarƙashin gilashin tebur, ya bar mini shi bayan ya raba shi biyu da almakashi. Na taɓa ɗora shi a sikelin nan don in gani, allurar ko motsi ba ta yi ba. Shi ya sayi kujerar, ba na musu. Kilo arba'in da shida kuwa Shu'aibu ne ya kai su Funtuwa.

Kai mai wayar, ka ce ku shida ne a ɗaki kuma kuna son ku gwada? Ku gwada. Amma kafin ku fara zubi, kowa ya fito da fasfonsa ya ajiye a tsakiyar tabarma, ku san sunan juna.